Gayya Ba Mai Gona

Yaran da ake ɗauka aikin gandiroba yanzu, in sun zo gaishe ni, sukan ce ai mu hutu muka ci a zamaninmu. Wai fursunonin dā ɓarayin awaki ne da masu faɗan kasuwa, ka kulle ƙofa, ka jingina da bango, ka yi ta gyangyaɗi har wata ya mutu a ba ka albashi. Nakan bar su su gama, don na san ɗokin sabon kaki, ni ma na yi shi. Kulle ƙofa kam kowa ya iya. Abin da ba kowa ya iya ba shi ne tsaron mutumin da babu ƙofa tsakaninka da shi, kuma rabin aikinmu wannan ne.

Ni mutumin Pauwa ne. Na shiga aikin ba a daɗe ba da gwamnati ta karɓi gidajen yari daga hannun En'e, aka fara ba mu kaki da takalmi da hula mai baki. Aka tura ni Ƙanƙara, wani ɗan gidan ƙasa inda ake ajiye masu jiran shari'a da masu gajeren wa'adi. Can na tarar da Baba Saje, tsohon yaron Yari, wato shugaban gidan kason sarki, tun zamanin En'e, mutum mai ɗingishi da ƙaramar murya. A hannunsa na koyi aiki, kuma bai taɓa zaunar da ni ya ce yau ga darasi ba. Sai ka yi kuskure a gabansa tukuna.

Aikina na farko yankan ciyawa ne a bayan kotu. Aka fito min da fursunoni, kowa da lauje, wasu har da adda, ni kuwa kulki ne kawai a hannuna da usur a wuya. Ku duba da kanku wa ya fi wani makami. Na jera su, na nuna musu inda za su fara, na koma gindin wata bedi na tsaya ina jin kaina. Sai ga Baba Saje yana ɗingisowa.

"Kai ɗan Pauwa, ina kake tsaye?"

"Ga ni nan inuwa, Baba."

"Su suna rana, kai kana inuwa? To in guda ya tahi, sai ka tambayi bedin inda ya nuhwa."

Ya ja ni ya tsayar da ni a bayansu, ta wajen da daji yake, rana a ƙeyata don kada ta kashe min ido. Ya ce in daina kallon hannu, in saurari baki. Waɗanda ke aiki suna hira, suna zagin mai dafa musu tuwo, babu inda za su. Wanda ya yi shiru, yana yanka yana matsawa gefe kaɗan-kaɗan, shi za ka kira da sunansa ka tambaye shi labarin garinsu. Ba sai ka ɗaga kulki ba. Da ya ji sunansa ya san ka gan shi, zai dawo cikin 'yan'uwansa.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne da ƙa'idarsa. Kulki na kanya ne, kuma wanda ya yawaita aiki da shi ba ya daɗewa a aikin. Ankwa akwai yadda ake sa ta, ka bar inda ɗan yatsa zai shiga, don in ka matse hannu ya kumbura kafin ku isa kotu, kai alƙali zai fara yi wa tambaya. Mari, wato ƙarfen ƙafa, an daina sa shi tun kafin in zo, yana dai rataye a bangon ofis yana tsatsa. Makullai a jikin bel suke ɗaure da tsirkiya, ko alwala za ka yi ba ka miƙa wa wani. Gabza kuwa, wato tuwon gidan, doka ce mai tsaro ya ɗanɗana kafin a raba. Saboda haka in wani ya ce muku bai taɓa cin gabza ba alhali ya yi aikin gandiroba, to bai yi aikin yadda aka ce ba.

Da kuɗin mai suka shigo ƙasar nan, baƙinmu suka sauya. Dā manomi ne da ya kasa biyan haraji, ko makiyayi da shanunsa suka yi ɓarna. Sai muka fara ganin direban tifa da ya sayar da simintin ɗan kwangila, da yaron kanti da ya ga rediyo mai kaset ya kasa haƙuri, da masu buga takardar bogi su karɓi kwangilar rijiyar da ba za a haƙa ba. Waɗannan sun san lauya, sun san kalmar da za su faɗa maka ka ji tsoro. Ɗakuna suka cika, har babban gidan yari ya daina karɓar mutanenmu, aka bar mana masu dogon wa'adi muna fama da su. A lokacin an yi min kofur, an mayar da ni wajen Faskari, kuma an yi mana ƙarin albashin nan da ya sa kowane ma'aikaci ya sayi babur ko ya ƙara aure. Ni babur na saya.

Cunkoson nan ne ya sa aka yawaita ɗaurin talala. Babban alƙali yakan zo rangadi, a fito masa da waɗanda suka nuna hali na gari, ya sake su su ƙarasa wa'adinsu a gida bisa sharaɗi. Mutum yana gidansa, yana cin tuwon matarsa, amma har yanzu ɗaurarre ne, kamar akuyar da aka yi wa doguwar igiya. Dole wani mai mutunci ya tsaya masa, mai unguwa ko dagaci. Dole ya riƙa nuna kansa ranar kasuwa. Ba ya barin ƙasar hakimi. Sannan akwai sharaɗin da alƙali kan ƙara gwargwadon laifin mutum. In ya karya ko ɗaya, ya koma ciki ya ƙarasa duk abin da ya rage, wanda ya tsaya masa kuma ya zo ya yi bayani. Bin sawun irin waɗannan aikin ma'aikacin walfiya ne, wato mai kula da jin daɗin jama'a, amma guda ɗaya ne tal a duk yankin, ba shi da abin hawa. Sai ya zama gandiroban da ya san mutum a ciki, shi ake turawa ya dubo shi a waje.

Na bi mutane da yawa a haka, amma in yaran nan suka ce min talala ai gata ce, Nomau nake ba su labari.

Nomau Bamaguje ne daga wani gida cikin dajin da ke tsakanin Faskari da Sabuwa. Ƙaton mutum ne, ya girme ni, ba shi da yawan magana. A shekarar farin nan aka kawo shi, shekarar da dawa ta bushe a tsaye. Sun je gayya gonar wani maƙwabcinsu mai suna Mati, aka sha giya kamar yadda suka saba, gardama ta tashi a kan wanda ya bar aikinsa baya, Nomau ya ɗaga ƙotar galma ya sauke wa Mati a hannu. Hannun ya karye, da ya warke kuma bai miƙe ba. A hannuna ya yi ranin farko na ɗaurinsa, cikin masu saro itace. Ban taɓa kiran sunansa don ya matsa gefe ba. In an gama aiki shi ke tattara gatura ya kawo min.

Da bazara babban alƙali ya zo, na sa sunan Nomau cikin waɗanda za a duba. Malam Idi, mai unguwar ƙauyen Musulmin da ke kusa da su, ya zo ya tsaya masa, don sun daɗe suna maƙwabtaka tun iyaye. Alƙali ya karanta masa sharuɗɗan da aka saba, sannan ya ƙara guda. Tunda a wurin shan giya ya yi laifin, kada a gan shi a duk inda ake shan giya har wa'adinsa ya cika, kuma abin da ya rage ya kai shekara da wani abu. Nomau ya faɗi ya yi godiya. A ranar babu wanda ya ga wata wahala a cikin sharaɗin, har shi kansa.

Bayan an yi shuka na hau babur na je duba shi. Hanyar Sabuwa a damina ba hanya ba ce, rabin tafiyar ni na tura babur ɗin. Gidan babba ne, an kewaye shi da rumbuna, amma da ka ƙwanƙwasa za ka ji babu komai ciki. Samarin gidan duk sun bi 'yan kwangilar titi, wasu suna Kaduna suna ɗaukar bulo, irin cin ranin da ba a dawowa ko ruwa ya sauka. Aka bar Nomau da ƙanensa Ranau, da tsofaffi da mata da ƙananan yara. 'Yan ƙodago kuwa sun yi tsadar da sai ɗan kasuwa, tunda wanda zai riƙe maka fartanya ya san abin da ake biya a bakin titi.

Ya kai ni gandun gidan, wato babbar gonar da kowa ke ci daga cikinta. Dawa ta fito da kyau, amma ciyawa ta fi ta sauri. Muka tsaya a bakin gonar yana kallonta.

"Kofur, wannan ba aikin mutum biyu ba ne. Sai gayya."

"To ka kira gayya mana. Wa ya hana ka?"

"Kai ka hana ni."

Na ce ban gane ba, sai ya yi min bayani dalla-dalla. A wurinsu babu gayya sai da giya, wanda ya kira mutane ya ajiye musu ruwa, zagi ya yi musu. Kuma ba sha kaɗai ba ne. Da safe kafin kowa ya sa galma, mai gida ne zai tsaya a bakin gona, ya zuba wa ƙasa ƙoƙon farko saboda iyayen da suka nome ta kafin shi, ya kurɓi na biyu, sannan ya ja layin farko. Wanda ya yi wannan, amfanin shekarar a hannunsa yake. Shi zai fara yankan dawa, shi zai rufe rumbu, shi zai buɗe, a wurinsa mata za su riƙa karɓar hatsi. Tun rasuwar ubansu Nomau ke yi.

"In na zuba ban sha ba hwa?" in ji shi.

"Ba a ce kada ka sha ba kawai. An ce kada a gan ka a wurin."

"Yini guda ne, Kofur. Kai kana Faskari, mi zai kawo ka nan ran nan?"

Na gane abin da yake roƙo. Na ce masa ko ni ban zo ba akwai masu zuwa. Kawun Mati, wani tsoho mai keke, tun ranar da aka sake shi yake yawo yana cewa an sayi shari'a, kuma ba abin da yake jira sai ya ga Nomau kusa da tulu. In ya kai ƙara, ni za a turo da ankwa, kuma zan zo. Malam Idi kuma a kira shi gaban hakimi, wataƙila rawaninsa ya tafi. Nomau bai yi gardama ba. Ya sunkuya ya tuge wata ciyawa, ya kakkaɓe ƙasar jikinta, ya jefar.

Abin ya dame ni, ba zan ɓoye ba, don ni na sa sunansa. Saboda haka na bi hanyar da doka ta bari. Na samu alƙalin yankinmu bayan an tashi daga zama, na yi masa bayani, na roƙi a ɗage sharaɗin na yini ɗaya, in je in tsaya a gonar da kaina har a watse. Dattijo ne mai sauraro, bai katse ni ba.

"Kofur, a ina ya karya hannun mutumin?"

"A wurin gayya, Allah gafarta Malam."

"To kana so in ɗage sharaɗin a daidai wurin da aka kafa shi dominsa. In na yi haka, me zan ce wa mai karyayyen hannu? Kuma ba ni na kafa ba, na sama da ni ne, sai ya sake zagayowa. Ka ce masa ya yi gayyarsa da fura."

Babban alƙali kuwa ba zai zagayo ba sai bayan kaka. Na kai wa Nomau saƙon fura ranar kasuwa da ya zo nuna kansa. Ya yi wata 'yar dariya.

"Hura? Sai su ce Nomau ya tuba a gidan yari bai hwaɗa ma kowa ba."

Malam Idi da ke tsaye tare da mu ya ce ai wannan ma hanya ce. In ya musulunta, samarin ƙauyensu za su fito masa da gangar noma, su share gonar kafin azahar. Da zuciya ɗaya ya faɗa, ba don ya matsa masa ba. Nomau ya ce ya gode, amma in zai shiga addini ba zai shiga don ciyawa ba. Malam Idi ya ce wannan gaskiya ne, aka bar maganar.

Akwai kuma wani abu da ke tafiya a hankali. Gayya biki ce, sai ka je ta wani yake zuwa taka. Tunda Nomau ba ya iya zuwa ta kowa, Ranau ke zuwa a madadin gidan. Shi ake gani da galma a gonakin mutane, shi ake miƙa wa ƙoƙo, da shi ake shawara. Ranau ba mugun mutum ba ne. Mutum ne mai kuzari da ya daɗe a bayan wansa, kuma ya fara jin daɗin gaba.

Wata safiya na fito zan karɓi aiki, sai na ga mutum zaune a ƙasa daura da ƙofarmu, ƙafafunsa duk taɓo har gwiwa. Nomau ne, kuma ba ranar kasuwa ba ce. Hannunsa babu komai, ko sanda.

"Lafiya, Nomau?"

"Lahiya lau. Yau za a yi gayyata."

"Yau? To kai me kake yi a nan?"

"Na zo ka gan ni. Ka buɗe ka sa ni ciki har maraice, kowa shi san inda na yini."

Na ce masa ba ni da ikon kulle mutum sai da umarnin alƙali, ko da shi ya roƙa. Wannan ma doka ce, kuma mai kyau ce. Ya ce to zai zauna a nan. Na nuna masa inuwar zaure, ya ce a'a, nan ya fi, inda duk mai wucewa zai gan shi. Na tambaye shi wa zai zuba ƙoƙon farko. Ya ce Ranau. Matarsa Tarana ce ta dafa giyar, a gidan ƙanwarta ta dafa don kada tulu ya kwana inda yake kwana.

Haka ya yini. Na fita da masu yankan ciyawa, na dawo, yana nan. Waɗanda suka san shi a ciki suna yi masa ba'a ta taga, suna cewa ko gabza ya yi marmari. Bai kula su ba. Lokaci-lokaci yakan ɗaga kai ya dubi rana, na san yana auna inda aiki ya kai a gonar. Na aika aka sayo masa rogo da ƙuli, ya karɓa ya ajiye a gefe.

Wajen azahar sai ga kawun Mati a kan keke, yana haki, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ko sallama bai gama ba ya fara.

"Kofur, tashi ka ɗauko ankwa! Ana can ana sha gonar Nomau, tuluna sun hi goma, da idona na gani. Yau dai ƙarya ta ƙare."

"Shi Nomau ɗin ka gan shi a wurin, Baba?"

"Gonarshi ce! Ina zai tahi?"

Na nuna masa da baki. Ya juya, suka haɗa ido. Nomau ya gaishe shi da ladabi, ya tambaye shi ya hannun Mati. Tsohon ya daɗe a tsaye riƙe da keken. Da zai tafi sai ya ce, ba da ni yake ba, ba kuma da ƙarfi ba, "Ashe Ranau ya zuba." Ya hau kekensa ya koma.

Da la'asar ta yi sanyi Nomau ya miƙe, ya karkaɗe wandonsa. Ya tambaye ni ko na shaida. Na ce na shaida, kuma zan gaya wa alƙali da Malam Idi. Ya ce zai bi a hankali don kada ya isa kafin a kwashe tuluna.

Daminar ta yi kyau, irin wadda ake yi bayan fari. Duk ƙasar ta samu, amma gandun gidan nan ya fi na kowa a wajen. Na ga dawar da idona lokacin da na je dubiya ta gaba, zangarniya har tana rinjayar kara. Na yi masa barka, ya amsa. A raina na ce to, an tsira, mutum bai koma ciki ba, yara kuma za su ci. Ta fuskar aikina magana ta ƙare ke nan. Bai karya sharaɗi ko ɗaya ba, bai taɓa fashin ranar kasuwa ba, kuma da babban alƙali ya zagayo har ya yaba masa a gaban mutane.

Abin da ban lissafa da shi ba shi ne yadda tsofaffin gidan za su karanta wannan albarka. A wurinsu abin a fili yake. Shekarar da Nomau ya zuba ƙoƙo aka yi fari, aka kuma ɗaure shi. Shekarar da Ranau ya zuba, rumbuna suka cika har aka gina sababbi. Ƙasa ta karɓi hannun Ranau ke nan, kuma ba a sauya hannun da ƙasa ta karɓa. Ba a yi taro ba, ba a yi faɗa ba, babu wanda ya ce da Nomau sauka. Malam Idi ne ya ba ni wannan labari, ya ce shi ma ba shi da bakin magana, al'amarin gidansu ne.

Ranar da wa'adinsa ya cika, ni na je in gaya masa, don ƙa'ida ce a sallami mutum baki da baki a gaban wanda ya tsaya masa. Na ɗauki Malam Idi a bayan babur. Mun tarar da Nomau a gindin ɗorawa a ƙofar gida yana tufkar igiya. Ya rame kaɗan, amma lafiyarsa ƙalau. Can gefe Ranau na kan tsani a bakin wani rumbu, yana miƙo damman dawa, mata na tsaye a ƙasa suna karɓa. Tarana na cikinsu, tana jiran a zo kanta.

Na tsaya yadda ake tsayawa, na gaya masa daga yau babu sauran igiya a kansa. Ba sai ya zo kasuwa nuna kansa ba, ya je duk garin da ya ga dama, ya zauna a duk taron da ya so. Malam Idi ya ce ya sauke nauyin da ya ɗauka, ya yi masa addu'a. Nomau ya ajiye igiyar, ya ce ya gode, ya kuma ce na riƙe shi da gaskiya, ban taɓa yi masa ƙarya ba tun yana ciki.

"Bana ke nan kai za ka tsaya a gayyarka," na ce.

"Zan je," in ji shi. "An ce in riƙa kula da masu kawo ruwa."

Muka ɗan taɓa hira a kan ruwan bana da tsadar taki. Da muka tashi tafiya sai ya ce in dakata, ba a zuwa gidansu da labari mai daɗi a koma hannu wofi. Ya miƙe ya nufi rumbunan da saurinsa na dā, kamar zai hau. Da ya isa gindin tsanin sai ya tsaya. Ya ɗaga kai yana kallon ƙanensa.

"Ranau," ya ce, "ko za a samu dami guda a ba baƙo?"

Ranau bai juyo ba. Ya gama miƙa wa matar da ke gabansa nata, ya miƙa wa ta bayanta, sannan ya ce, "Bari in gama da mata tukuna."

Nomau ya ce to. Ya koma bayan Tarana ya tsaya a layi.